Johnny Sekka: Ɗan Dakon Dakar Da Ya Fito A Matsayin Bilal A Hamadar Libiya

Da wuya a samu Bahaushe ɗan kasuwa, tun daga Kano da Maraɗi har zuwa Agadas da Sabha, wanda bai taɓa kallon fim ɗin nan na tarihin Musulunci mai suna The Message ba, wanda Larabawa ke kira Ar-Risala, wato Saƙo. Wasu sun gan shi a kaset tun zamanin bidiyo, wasu a faifai, wasu kuma yanzu a waya suke kallonsa. Idan ka tambayi mutum wurin da ya fi taɓa masa zuciya a cikin fim ɗin, sau da yawa zai ce maka inda aka shimfiɗe Sayyidina Bilal (RA) a kan rairayi cikin tsananin rana, aka ɗora masa ƙaton dutse a ƙirji don ya bar addini, shi kuwa yana ta maimaita cewa Allah ɗaya ne.

To amma mutum nawa ne suka san wane ne ya fito a wannan matsayi? Fim ɗin dai iri biyu aka yi shi a lokaci guda, ɗaya da Larabci ɗaya da Turanci, kowanne da 'yan wasansa. Wanda ya kalli na Larabci, fuskar Ali Ahmad Salim ya gani, wani ɗan wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Libiya. Wanda kuwa ya kalli na Turanci, wanda Anthony Quinn ya fito a matsayin Sayyidina Hamza (RA), fuskar da ya gani ta wani mutumin Afirka ta Yamma ce da ya yi suna a gidajen wasan daɓe da finafinan ƙasar Birtaniya. Sunansa Johnny Sekka.

Labarin wannan mutum ya cancanci 'yan kasuwarmu na kan iyaka su ji shi, saboda dalilai biyu. Na farko, a wannan ƙasa ta Libiya da muke shiga muna fita aka ƙarasa aikin da ya sa duniya ta riƙe fuskarsa. Na biyu, rayuwarsa tun daga farko har ƙarshe labari ne na baƙon da ya bar gida ba takarda ba guzuri, ya tarar an riga an yanka wa irinsa farashi kafin ya iso, ya kuma shekara da shekaru yana ƙin sallamawa a kan wannan farashi.

Maraya a titunan Bathurst

An haife shi ranar 21 ga Yulin 1934 a birnin Dakar, lokacin Senegal tana hannun Faransa. Sunansa na yanka Lamine Secka, kuma Lamine ɗin nan shi ne Laminu ko Aminu a bakinmu. Danginsa sun haɗa Senegal da Gambiya, shi ne kuma auta a cikin 'ya'ya biyar. Bai daɗe da zuwa duniya ba mahaifinsa ya rasu. Da ya ɗan tasa, sai mahaifiyarsa ta tura shi riƙo wajen wata 'yar uwa a garin Georgetown na Gambiya, wanda yanzu ake kira Janjanbureh. Zaman bai yi masa daɗi ba, sai ya gudu zuwa babban birni, Bathurst, wato Banjul ta yau, inda ya zama yaron titi mai kwana inda dare ya yi masa.

Wannan yawo tsakanin ƙasar da ke ƙarƙashin Faransa da wadda ke ƙarƙashin Ingila ya ba shi jarin da duk ɗan kasuwar kan iyaka ya san darajarsa, wato harshe. Yaron da ke jin Faransanci da Ingilishi ba ya rasa abin yi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, yana ɗan ƙaramin yaro, ya yi wa sojojin Amurka aikin tafinta a sansaninsu na jiragen sama da ke Dakar. Daga nan ya koma dako a tashar jiragen ruwa. A nan ne, yana kallon jiragen da ke shiga suna fita, ya yanke shawarar da dubban samari ke yankewa har gobe. Ya ɓuya a cikin wani jirgin ruwa da ya nufi Marseille a kudancin Faransa. Ya zauna a birnin Faris na wasu shekaru, sannan a 1952 ya tsallaka Landan, inda ya shiga rundunar sojojin sama ta Birtaniya ya yi shekara biyu.

Daga jan labule zuwa kan dandamali

A Landan ya haɗu da mutumin da ya sauya masa hanya, Earl Cameron, wani baƙar fata ɗan tsibirin Bamuda da aka haifa a 1917. Shi ma Cameron aikin jirgin ruwa ne ya kawo shi Ingila a 1939, ya sha wahalar neman abinci kafin ya shiga wasan kwaikwayo, har ya yi fice a fim ɗin Pool of London na 1951. Shi ne ya ba Laminu shawarar ya gwada wannan sana'a. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Laminu, wanda yanzu ya koma Johnny Sekka, bai faɗa sana'ar da ka ba. Ya shiga makarantar RADA, wadda ita ce mafi shahara wajen koyar da wasan kwaikwayo a Ingila, ya koyi sarrafa murya da numfashi da tsayuwa a gaban jama'a. Ya kuma samu aiki a gidan wasan Royal Court, amma a bayan fage: jan labule, ɗaukar katako, shirya kujeru da kayan wasa. Wato dakon da ya baro a Dakar shi ya sake tararwa a Landan, sai dai a wannan karon yana dako yana kallon yadda gwanaye ke aiki.

Ya kamata a fahimci bambancin wasan daɓe da fim. A fim, idan ɗan wasa ya yi kuskure, darakta zai tsayar da aiki a sake. A daɓe kuwa ba sakewa. Mutum zai haddace magana ta sa'a biyu, ya fito gaban ɗaruruwan mutanen da suka biya kuɗinsu, ya maimaita ta kowane dare na tsawon makonni, ga kuma 'yan jarida masu sharhi suna zaune da alƙalami. Shi ya sa a Ingila duk ɗan wasan da bai goge a daɓe ba, ba a cika ɗaukarsa da nauyi ba. A waɗannan shekaru gidan Royal Court ya buɗe ƙofa ga sababbin marubuta da baƙi, har Wole Soyinka na Nijeriya ya yi aikin duba rubuce-rubucen wasanni a can a ƙarshen shekarun 1950. Daga 1958 Sekka ya fara fitowa a kan dandamali da kansa.

Shekarar ba ta yi wa baƙar fata daɗi ba a Landan. A ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba na 1958 ne gungun samarin Turawa suka far wa baƙaƙen fata a unguwar Notting Hill, aka kwashe kwanaki ana tarzoma. A lokacin babu wata doka da ta hana mai gida ya ƙi ba baƙar fata haya, ko mai kamfani ya ƙi ɗaukarsa aiki saboda launinsa. Sai a 1965 aka yi dokar farko a kan wariyar launi, kuma sai a 1968 aka faɗaɗa ta ta shafi gidaje da aiki.

Akawu a Arewa, malami a Landan

A 1960 Sekka ya samu babban matsayi a daɓe, a wasan Mister Johnson da aka yi a gidan wasan Lyric da ke unguwar Hammersmith. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin an ciro shi ne daga littafin Joyce Cary na 1939, wani Bature da ya yi aikin mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya. Labarin wani akawu ne ɗan kudu da ke aiki da wani jami'in mulki Bature a wani garin Arewa, mai son Turawa da duk abin da ya fito daga Ingila, mai cin bashi da almubazzaranci, wanda ya taimaki maigidansa gina hanyar mota ta hanyar murɗa lissafin kuɗin gwamnati, ƙarshe ya yi kisa aka yanke masa hukuncin mutuwa. Marubuta 'yan Afirka, musamman Chinua Achebe, sun soki littafin da cewa ya mai da ɗan Afirka tamkar yaro marar tunani. Amma ga ɗan wasa baƙar fata a Landan ta 1960, samun matsayin da labari gaba ɗaya ya rataya a wuyansa ba ƙaramin abu ba ne.

A shekarar da ta biyo baya, 1961, ya fito a fim ɗin da ya fi ɗaga shi a Ingila, Flame in the Streets, wanda Roy Ward Baker ya ba da umarni. John Mills ya fito a matsayin wani shugaban ƙungiyar ƙwadago da ya tsaya tsayin daka a wajen taro sai an ba wani baƙar fata muƙamin shugaban ma'aikata a kamfaninsu, duk da adawar wasu Turawa. Earl Cameron ne ya fito a matsayin wannan ma'aikaci. To amma da shugaban ƙwadagon ya koma gida, sai ya tarar 'yarsa, wadda Sylvia Syms ta fito a matsayinta, ta kawo mijin da take so, wani malamin makaranta baƙar fata ɗan Jamaika. Sekka ne malamin. Nan fa adalcin da aka yi ta wa'azinsa a wajen taro ya zo gwaji a tsakar gida, uwar yarinya ta ce sam ba da ita ba, uban kuma ya shiga kame-kame.

Bayan wannan fim mutane da yawa sun ɗauka Ingila ta samu nata Sidney Poitier, wato baƙar fatar nan da ya zama babban tauraro a Amurka. A 1962 Sekka ya fito a The Wild and the Willing tare da wasu samari biyu da a lokacin ba wanda ya san su, John Hurt da Ian McShane. Su biyun sun ci gaba sun zama manya. Shi kuwa sai hanya ta fara ƙuntata.

Shekarun ɗaukar faranti

Duba irin matsayin da aka riƙa ba shi. A Woman of Straw na 1964, inda Sean Connery da Gina Lollobrigida suka fito, Sekka baran gida ne da wani tsohon attajiri ke wulaƙantawa. A wannan shekara ya fito a East of Sudan, a 1967 kuma The Last Safari, duk finafinan da aka ɗora a kan ƙasar Afirka amma Turawa ne jaruman. A talabijin ya leƙa shirye-shirye irin su Z-Cars da Danger Man da The Avengers, fitowa ɗaya a wuce.

Wanda ya fi nuna yadda kasuwar take shi ne Khartoum na 1966. Fim ne a kan yadda Mahdin Sudan, Muhammad Ahmad, ya ci birnin Khartum a Janairun 1885 aka kashe Janar Gordon. Tarihin Mahdi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tunda har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a. A fim ɗin, Charlton Heston na Amurka shi ne Gordon. Matsayin Mahdi kuwa, wanda ɗan Afirka ne, sai aka ba Laurence Olivier, babban ɗan wasan Ingila, aka shafa masa baƙin kwalli a fuska. Shi kuwa Sekka, ɗan Afirka na gaskiya da ya yi karatun sana'ar, aka ba shi matsayin Khalil, baran Gordon. Kafin wannan, a 1964, Olivier ya shafa irin wannan baƙi ya fito a matsayin Othello, baƙin janar ɗin nan na wasan Shakespeare, aka yi ta yaba masa.

Me ya jawo haka? Duk ɗan kasuwa zai gane. Masu zuba kuɗi a fim suna neman sunan da zai sayar da tikiti, marubuta kuma suna rubuta abin da masu kuɗi za su saya. Tunda an ɗauka cewa Turawa ba za su biya kuɗi su kalli baƙar fata a matsayin jarumi ba, ba a rubuta masa babban matsayi. Tunda ba a rubuta masa ba, ba zai yi sunan da zai sayar da tikiti ba. Haka abin ke ta zagayawa. Kafin Sekka, Orlando Martins ɗan Legas, wanda ya fito a Sanders of the River tun 1935, ya sha wannan ɗaci na shekaru masu yawa.

A daɓe ne kawai ya ɗan samu sarari. A 1968 ya ja ragamar wasan Bakke's Night of Fame na John McGrath a Landan, labarin wani fursuna da ke jiran a zartar masa da hukuncin kisa. Ba don baƙar fata aka rubuta matsayin ba, cancanta ce ta ba shi. Duk da haka, yana ji yana gani sa'o'insa irin su Sean Connery da Michael Caine da Terence Stamp suka zama taurarin duniya, shi yana jiran a kira shi ya ɗauki faranti. Bai ɓoye takaicinsa ba, kuma wannan ne ya sa daga baya ya tattara ya koma Amurka. Sidney Poitier ya sa shi a finafinansa biyu, A Warm December da Uptown Saturday Night na 1974.

Daga Marakesh zuwa hamadar Fezzan

Ana cikin haka sai ga Mustafa Akkad. Shi mutumin Halab ne ta ƙasar Siriya, an haife shi a 1930, ya yi karatun fim a Kalifoniya. Burinsa shi ne ya yi fim ɗin da zai bayyana wa mutanen Yamma yadda Musulunci ya faro, da irin ingancin manyan finafinan Amurka. Ya kai rubutun labarin ga malaman Azhar suka duba, aka kuma tsaya a kan ƙa'idar cewa ba za a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba za a ji muryarsa ba, haka ma matansa da halifofi huɗu. Wannan ƙa'ida ce ta sa nauyin labarin ya koma kan sahabbai irin su Hamza da Zaidu da Ammar da Bilal, Allah Ya ƙara musu yarda.

An fara ɗaukar fim ɗin a 1974 a ƙasar Maroko, kusa da Marakesh, inda aka kwashe watanni ana gina kwaikwayon garin Makka. Ba a yi nisa ba sai adawa ta taso daga Saudiyya da ƙungiyar Rabita, Sarki Hassan na Biyu ya janye goyon bayansa, aiki ya tsaya. Akkad ya garzaya wajen Mu'ammar Gaddafi, wanda ya karɓe shi ya kuma ɗauki nauyin abin da ya rage. Aka kwaso ma'aikata da kaya zuwa Libiya, aka ci gaba da aiki har cikin 1975, ciki har da hamadar yankin Sabha. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta fita daga Sabha ta ratsa Wadi Bawanis, ta Tamanhint da Samnu da Zigan, ya san irin wannan ƙasa: rairayi, duwatsu, gonakin dabino, zafin rana da sanyin dare. Sabha kuma gari ne da Gaddafi ya yi karatun sakandare, a nan ne kuma ya shelanta Jamahiriyya ranar 2 ga Maris na 1977.

Yadda aka yi aikin abin sha'awa ne. Idan an shirya wuri, sai rukuni ɗaya na 'yan wasa su yi nasu, su koma gefe, ɗaya rukunin su shigo su maimaita da nasu harshen. Abdullahi Gais na Masar shi ne Hamza a na Larabci, Muna Wasif ta Siriya ita ce Hindu, matsayin da Irene Papas ta Girka ta riƙe a na Turanci. Da yawa daga cikin 'yan wasan na Turanci gogaggun 'yan daɓen Ingila ne, kamar André Morell da ya fito a matsayin Abu Ɗalib. Sarkin Habasha Najjashi kuwa, wanda ya ba Musulmi mafaka a hijirar farko, ba kowa ba ne ya fito a matsayinsa illa Earl Cameron. Wato mutumin da ya nuna wa Sekka hanyar sana'a kimanin shekara ashirin baya, ga su tare a fim ɗaya, ɗaya sarki mai adalci, ɗaya bawan da aka 'yanta.

A zahiri an sake ba Sekka matsayin bawa ne. Amma wannan bawan dabam yake da barorin da ya saba fitowa a matsayinsu. Bilal ɗan Rabaha bawan Umayya ɗan Khalaf ne, ya karɓi Musulunci tun da wuri, aka azabtar da shi bai juya ba, Sayyidina Abubakar (RA) ya saye shi ya 'yanta, ya zama ladanin farko, kuma ranar da aka buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira shi ya hau kan Ka'aba ya kira salla, manyan Ƙuraishawa suna ƙasa suna kallo. A fim ɗin, farkon inda Sekka ya ja hankalin mai kallo shi ne inda ubangidansa ya miƙa masa bulala ya ce ya doki Ammar, ya tsaya shiru, sannan ya ƙi. Magana kaɗan ce a wurin, fuska da tsayuwa ne suka yi aikin, kuma a nan horon daɓe ya nuna kansa. Ga mutumin Afirka ta Yamma matsayin yana da wani nauyi na musamman, domin marokan Mande sun daɗe suna danganta gidan sarautar Keita ta tsohuwar daular Mali da Bilal.

An fara nuna fim ɗin a Landan a ƙarshen Yulin 1976. A Amurka ya gamu da cikas a Maris na 1977, lokacin da wasu 'yan bindiga ƙarƙashin Hamaas Abdul Khaalis suka mamaye gine-gine uku a Washintan suka yi garkuwa da mutane kusan 150, kuma cikin buƙatunsu har da a hana nuna fim ɗin. Ƙasashen Larabawa da dama sun hana shi shekaru masu yawa, Saudiyya ma sai a 2018 ta yarda aka nuna shi a gidajen sinima. Amma kaset ba ya neman biza. Ta hannun 'yan kasuwa da alhazai fim ɗin ya shiga gidajen Musulmi a ko'ina, fuskar Sekka ta je inda sunansa bai je ba.

Tafinta, sannan likita

Bayan The Message ya ci gaba da aiki a Amurka. Ya fito a shirin barkwanci na Good Times a matsayin Ibe, wani ɗalibi ɗan Nijeriya da ke neman auren 'yar gidan. Lokacin da aka yi shirin Roots a 1977, labarin Kunta Kinte da aka sato daga Gambiya, Sekka da ya tashi a Gambiya bai samu shiga ba. Sai a ci gaban shirin na 1979 aka ba shi matsayin ɗan Gambiyar da ya yi wa marubucin labarin, Alex Haley, tafinta, wato aikin da ya fara yi a duniya yana yaro.

Babban aikinsa na ƙarshe shi ne a 1993, a fim ɗin da ya buɗe shirin Babylon 5, inda ya fito a matsayin Dakta Benjamin Kyle, babban likitan wata tasha a sararin samaniya. Bayan shekara 35 a sana'a, an kai inda za a ba shi matsayin da launin fata bai shigo ciki ba. Sai dai rashin lafiya ya hana shi ci gaba da shirin, ya ajiye aiki. Ya rasu ranar 14 ga Satumban 2006 a gonarsa da ke Agua Dulce a jihar Kalifoniya, sanadiyyar ciwon daji na huhu, yana da shekara 72. Mustafa Akkad ya riga shi da wata goma, domin yana cikin waɗanda harin bam na otal-otal ɗin Amman ya rutsa da su a Nuwamban 2005, shi da 'yarsa. Earl Cameron kuwa ya yi tsawon rai, sai a Yulin 2020 ya rasu yana da shekara 102.

Inda labarin ya taɓo mu

Ƙasar da aka ƙarasa wannan fim a cikinta tana da nata tarihin bauta, kuma kakanninmu suna ciki, ta ɓangaren masu sayarwa da ta ɓangaren waɗanda aka sayar. Ayarin da ke tasowa daga Kano da Katsina da Barno zuwa Tarabulus ta Murzuk yakan ɗauko tufafin rini da fatu da gashin jimina da hauren giwa, yakan kuma koro bayi. Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Murzuk a 1850 kafin ya isa Kano a 1851, ya kuma rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har bakin teku. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba da labarin uwar da ta bi sawun ɗanta cikin wannan hamada ta faɗa hannun masu bauta. A 1976, shekarar da The Message ya fito, Adamu Halilu ya mai da wannan littafi fim.

Da ma a ce abin ya tsaya a tarihi. A Afrilun 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta fitar da rahoton cewa ana sayar da baƙin haure a Sabha a kan dala 200 zuwa 500, kuma babban mai ba da shaida a rahoton ɗan Senegal ne da ya biyo ta Agadas, wato ɗan ƙasar su Sekka. A Nuwamban wannan shekara gidan talabijin na CNN ya nuna hoton gwanjon mutane a kusa da Tarabulus a kan dala 400. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023.

Ɗan kasuwar kan iyaka shi ne ke ganin waɗannan samari da idonsa, a tasha, a masauki, a bayan mota. Sau da yawa shi suke tambaya labarin hanya. Idan za a ba su labarin Sekka, a ba su shi cikakke. Gaskiya ne ya ɓuya a jirgi ya tsira, amma abin da ya fitar da shi daga dako harsunan da ya iya ne, da sana'ar da ya zauna ya koya, da kuma babban da ya riƙe hannunsa. Duk da waɗannan ukun, sai da ya shekara kusan ashirin yana jiran matsayi ɗaya da zai dace da shi. Wanda ya tafi ba ko ɗaya daga cikinsu, me zai tarar?

Sannan akwai tambayar da fim ɗin Flame in the Streets ya bari, wadda ba Turawa kaɗai ta shafa ba. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna zubar da hawaye idan an ɗora wa Bilal dutse, muna jin haushin yadda ake kiran baƙar fata bawa a wasu kasuwannin Arewacin Afirka. To a gidajenmu fa, idan saurayi mai addini da sana'a ya zo neman aure, aka ce kakansa bawa ne? Nijar sai a 2003 ta mai da bauta laifin da doka ke hukuntawa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12.

Idan mai karatu ya sake kallon The Message na Turanci, ya jira ƙarshe inda ake jero sunayen 'yan wasa, zai ga Johnny Sekka a ciki. Laminu ne, marayan Dakar. Allah Ya kare matafiyanmu, Ya ba kowa halaliyarsa, amin.